Ɗaki Mai Sanyi Da Bazara, Mai Ɗumi Da Hunturu

Kowace shekara, in watan Maris ya kama Afrilu ya biyo baya, abu guda muke gani a garuruwanmu, tun daga Sakkwato har Maiduguri, daga Yola har Damagaram. Da an gama cin tuwon dare sai mutane su fara fitowa da tabarmi da katifu tsakar gida. Ɗakin da maigida ya yi shekara biyar yana tara kuɗin bulo da kwano kafin ya gina shi ya zama tanderu, ba mai iya kwana a ciki. Jariri yana ta kuka, ƙurajen zafi sun feso masa a wuya, uwa tana ta fifita har hannu ya gaji. A can ƙauye kuwa tsohuwa tana kwance cikin ɗakinta na ƙasa mai jinka, tana sharar barci. In Disamba ta zo kuma, wannan ɗakin kwanon dai shi ne yake yin sanyi kamar randa kafin asuba.

Mai karatu, mene ne dalilin wannan? Dalilin shi ne kowace ƙasa tana da irin ginin da ya dace da ranarta da ruwanta da iskarta. Wanda ya ɗauko ginin wata ƙasa ya dasa a tasa ba tare da tunani ba, shi da iyalinsa ne za su sha wahalar. Bari mu duba yadda zafi yake shiga ɗaki, da yadda mutanen ƙasashe dabam dabam suke tare shi, sa'an nan mu ga abin da za mu iya yi a gidajenmu.

Zafi Ba Abin Wasa Ba Ne

Waɗansu suna cewa ai mun saba da zafi. Gaskiya ne, amma sabo yana da iyaka. Ran 3 ga Afrilu 2024 zafi ya kai digiri 48.5 na ma'aunin santigirad a garin Kayes na ƙasar Mali. A babban asibitin Gabriel Touré na Bamako mutum 102 suka rasu cikin kwana huɗun farko na watan, kusan rabinsu kuwa sun haura shekara 60. Abin da ya fi cutar da jiki shi ne daren da ba ya hucewa, gama da dare ne jiki yake samun hutu daga zafin yini. Tsofaffi, da jarirai, da mata masu ciki, da masu hawan jini ko ciwon zuciya, su ne zafi yake fara kayarwa, kuma su ne suka fi daɗewa cikin ɗaki.

Akwai kuma sanƙarau. Ƙwayar cuta ce take kawo shi, amma tana saurin yaɗuwa inda mutane da yawa suke kwana a cunkushe cikin ɗakin da iska ba ta ratsawa, musamman da rani. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka mutu. Ashe yadda aka gina ɗaki magana ce ta lafiyar iyali.

Yadda Zafi Yake Tafiya

Zafi kullum yana barin wuri mai zafi ya nufi wuri mai sanyi, kuma hanya uku yake bi. Ta fari, yana ratsa abu. Ka bar cokalin ƙarfe cikin tukunyar miya, an jima ba za ka iya riƙe shi ba, amma muciya ko ludayin duma ba sa ƙona hannu. Ta biyu, yana bin iska. Iska mai zafi ba ta da nauyi, saboda haka takan tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta. Ta uku, yana zuwa kamar haske. Shi ya sa kake jin zafin murhu a fuska ko da ba ka taɓa shi ba. Kwanon rufi da tsakar rana yakan kai digiri 60 ko 70, ya riƙa zubo wannan zafi a kan duk wanda yake ƙarƙashinsa.

Dabarun tare zafi iri biyu ne, ya kamata mu bambanta su. Iri na fari shi ne abu marar nauyi wanda ya kulle iska cikin ƙananan ramuka, kamar bargo, da auduga, da jinka. Iskar da ba ta motsi ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Bargo ba shi da wuta a cikinsa, ɗumin jikinka ne yake hanawa ya gudu. Shi ya sa mai sayar da ƙanƙara yake naɗe ta da buhu da garin katako, filas kuma take riƙe shayi da zafinsa, ta riƙe ruwan sanyi da sanyinsa. Abin da ya tare sanyi shi ne yake tare zafi.

Iri na biyu shi ne abu mai nauyi da kauri, kamar katangar ƙasa ko dutse. Ita takan shanye zafin rana a hankali, ta riƙe shi sa'o'i da yawa, ba ya isa cikin ɗaki sai dare ya yi, sa'ad da gari ya riga ya huce. Da dare kuma ta saki abin da ta sha, gari ya waye tana da sanyi.

Yaran gida za su iya gwada wani abu da kansu. A sami gwangwani biyu iri ɗaya, a shafa wa ɗaya baƙin tukunya, ɗayan a shafa masa farar ƙasa, a cika su da ruwa a ajiye a rana. Bayan awa biyu a tsoma yatsa. Baƙi yana shan zafi, fari yana mayar da shi. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ƙasashen Sanyi

A arewacin Turai da Kanada abokin gaba shi ne sanyi. Mutanen Inuwit na can kusa da ƙarshen duniya sukan yanka dusar ƙanƙara kamar tubali su gina ɗan ɗakin farauta da ita, gama dusar ƙanƙara cike take da iska a kulle. A tsibirin Aislan, inda itace ya yi ƙaranci, da ƙasa mai haɗe da saiwar ciyawa aka riƙa gina katanga da rufi, mutane suna zama a irin waɗannan gidaje har cikin ƙarni na 20.

A Ingila, tun wajen 1920 zuwa 1930 aka saba yin katanga biyu ta jan bulo, a bar fili kamar inci biyu a tsakani domin kada ruwan sama ya ratsa. Daga baya aka fara cika filin da abin tare zafi. A Amurka da Kanada kuwa yawancin gidaje da katako ake kafa su, a cusa audugar gilashi tsakanin sandunan. Wannan auduga zaren gilashi ne siriri ƙwarai, an fara yinta a masana'anta a Amurka cikin shekarun 1930. A Suwidin da Finlan taga takan zama gilashi uku a jere, da iska a tsakaninsu.

Abin da ya farkar da waɗannan ƙasashe sosai shi ne tsadar mai ta 1973, lokacin da kuɗin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Gwamnatoci suka tsananta dokokin gini. A Ingila ana ba masu gida shawara su shimfiɗa audugar da kaurinta ya kai milimita 270, watau fiye da inci goma, a bisa silin. A 1991 aka gama wani gida a Darmstadt ta Jamus wanda aka naɗe shi sosai har wutar ɗumama da yake bukata ba ta wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da tsohon gida yake ci ba. Yanzu akwai dubban irinsa.

Ƙasashen Hamada

Inda rana take da zafi, dare kuma yake da sanyi, iska a bushe, katanga mai kauri ita ce sarauniya. A garin Shibam na Yaman akwai gidajen tubalin ƙasa masu hawa bakwai ko fiye, an gina su kusa da juna domin kowanne ya yi wa ɗan'uwansa inuwa. A Yazd ta ƙasar Iran akan gina hasumiya mai ƙofofi a bisa gida, ta kamo iskar sama ta turo ta cikin ɗakuna, wani lokaci ta bi ta kan ruwa domin ta ƙara sanyi. A tsibiran Girka da garuruwan Tunisiya ana shafe gidaje da farar ƙasa. Tsohon garin Agadas, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya a 2013, shi ma haka yake: katangu masu kauri, ƙananan tagogi, lunguna masu inuwa, da hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27.

Ƙasashen Ruwa Da Gumi

A bakin teku maganar ta sake. Fatakwal takan sami ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, Agadas kuwa ba ta samun ko 200. A Kano cikin Janairu rana takan kai digiri 30, dare ya sauko wajen 13. A Legas bambancin rana da dare bai cika wuce digiri takwas ba, iska kuma jiƙe take. Tun da dare ba ya hucewa, katanga mai kauri ba ta samun damar sakin zafinta. Abin da jiki yake so a can shi ne iska mai kaɗawa wadda za ta busar da gumi.

Saboda haka a Maleshiya da Indonesiya akan ɗaga gida a bisa turaku, a yi bango na katako ko gora mai ƙofofi da yawa, a yi rufi mai tsini wanda ya sauko ƙasa sosai. A kudancin Nijeriya an saba da rufin ganyen tukurwa da baranda mai faɗi. Mutanen Tibi a Binuwai suna da rumfar baƙi da suke kira “ate”, rufin ciyawa ne a bisa turaku, iska tana shiga ta kowane gefe.

Akwai wani abu kuma da masu kwaikwayon ginin Turai ya kamata su sani. Kofin ruwan sanyi yakan yi gumi a bayansa, domin laimar iska tana taruwa a kan abu mai sanyi. A ƙasashen sanyi laimar tana fitowa daga cikin ɗaki, saboda haka sukan sa leda ta ciki, bayan allon bango. A gari mai zafi da laima, inda aka kunna na'urar sanyaya ɗaki, laimar daga waje take zuwa. In aka sa ledar ta ciki a irin wannan wuri, ruwa zai taru cikin bango, ya yi funfuna, katako ya ruɓe. Maganin wata ƙasa yakan zama cuta a wata.

Ginin Kakanninmu

Maginan ƙasar Hausa sun san dukan dabarun nan biyu. Sukan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana ana tattakawa, a mulmula tubali a shanya. Katanga takan fara da kauri ƙafa biyu ko uku a gindi, tana sirancewa zuwa sama. A rufe soro da azara, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa mai kauri. Tun da azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa shida, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin manyan ɗakuna. Saboda ruwa kuma akwai makuba ta kwasfar ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ga indararo yana jefa ruwa nesa da gindin katanga.

Ɗakin jinka kuwa bargo ne sosai. Ciyawa mai kauri tana kulle iska, ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe, iska mai zafi kuma tana samun hanyar fita ta cikinta. Kuma gida ba ɗaki kaɗai ba ne: akwai zaure, akwai rumfa, akwai inuwar bishiya a tsakar gida, kowane lokaci na yini da wurin zamansa.

A bisa dutsen Jos, wanda tsayinsa ya kai mita 1,200, da Mambila wadda ta fi shi tsayi, sanyi ne abin tsoro. Shi ya sa tsofaffin gidajen Birom da maƙwabtansu suke da ƙananan ɗakuna zagayayyu a haɗe da juna, da gajerun ƙofofi, da jinka mai kauri, da shingen ƙerana mai karya iska. Wanda ya je gidan kayan tarihi na Jos zai ga sashen da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya na sassan Nijeriya, ya gwada su da idonsa.

Yadda Kwano Ya Shigo

A London aka ƙirƙiro kwanon rufi mai kwari-kwari, a 1829. Ya iso mana tare da kantunan Turawa, da jirgin ƙasa, da ofisoshin gwamnati, da gidajen mishan. Mutanenmu ba wauta ce ta sa suka karɓe shi ba. Jinka tana kama wuta, tana bukatar sabuntawa, ciyawar ma ta yi wuya. Giginya ta ragu, azara ta yi tsada. Soro yana son yaɓe kafin kowace damina, in an yi sakaci ya yi yoyo, har ya rufta. Ko babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya yi kusan shekara 190 a tsaye, wani sashensa ya rufta cikin Agusta 2023 har aka yi hasarar rayuka. Ginin ƙasa ba ya yafe sakaci.

Amma mai karatu ya lura da tsofaffin gidajen nan na Turawa da suka rage. Rufinsu yana da tsawo, akwai silin, akwai baranda kewaye, katangar kuma mai kauri ce ta ƙasa ko dutse. Mu kuwa muka ɗauki kwanon kaɗai, muka ɗora shi a kan bulo mai inci shida, ƙafa takwas daga ƙasa, ba silin, ba baranda. Mun bar bargon jinka, mun bar kaurin katanga, ba mu sa kome a madadinsu ba.

Magina Na Yau

Akwai masu ilimin gini da suka komo kan wannan magana. Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, ya gama makarantar firamare ta ƙauyensu a 2001. Ya yi katanga da tubalin ƙasa wanda aka matse da inji aka sa masa siminti kaɗan, ya yi silin na tubali, sa'an nan ya ɗaga kwano can sama a bisa sandunan ƙarfe, ya fito da shi waje sosai. Kwanon yana tare ruwa da rana, iska tana wucewa tsakaninsa da silin tana kwashe zafi. Wannan aiki ya sami lambar Aga Khan a 2004, a 2022 kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na fari da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a fannin zanen gini.

Tun shekara ta 2000 wata ƙungiya da ta fara a Boromo, a Burkina Faso ɗin dai, take koya wa magina yin rufin tubali mai lanƙwasa irin na Nubiya, ba azara, ba kwano. An gina dubbai a Burkina, da Mali, da Senegal, da Binin, da arewacin Gana. A Nijar, Mariam Issoufou ta yi aiki da matsattsen tubalin ƙasa a gine-ginen da aka gama a Dandaji cikin 2018. A Indiya kuma, bayan zafin Mayu 2010 ya kashe fiye da mutum 1,300 a birnin Ahmedabad, hukumar birnin ta fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ta shiga shafe rufin gidajen talakawa da farin fenti. An ga farin rufi yana rage zafin ɗaki da digiri biyu zuwa biyar. Gwamnatin Nijeriya ma ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin wuta a 2017, wadda ta ambaci sa abin tare zafi a rufi da yi wa tagogi inuwa.

Abin Da Maigida Zai Yi

Wanda bai riga ya haƙa harsashi ba ya fi kowa sa'a, gama waɗansu dabarun ba sa cin ko kwabo.

1. A juya gida yadda dogayen bangaye za su fuskanci kudu da arewa. Rana ta safe da ta yamma ce take dukan bango kai tsaye, saboda haka gajerun bangaye su dubi gabas da yamma. A rage tagogi a yamma. Ɗakin ajiya ko makewayi ya fi dacewa da wannan gefe, ɗakin kwanan yara da na tsofaffi kuwa a nisanta su daga can.

2. A ƙara layin bulo biyu ko uku domin rufi ya yi nisa da kai.

3. A sa kuɗin silin cikin lissafin rufi tun farko. A ƙasarmu ta rufi ne mafi yawan zafi yake shiga gidan da ba bene ba. In ba halin allo, ko zana, ko asabari, ko tabarma sun fi babu.

4. A bar kafofi a bangon da yake tsakanin silin da kwano, a gefe biyu, domin iska mai zafi ta fita. A rufe su da ragar waya saboda jemage da ɓera da sauro. Wani bincike da aka yi a Gambiya, aka buga a 2009, ya nuna raga a silin ko a ƙofofi da tagogi tana rage sauron da yake shiga ɗaki da kusan rabi, yara kuma suka sami sauƙin ƙarancin jini.

5. Mai hali ya shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli ƙarƙashin kwano kafin kafinta ya buga. Dole gefen mai ƙyallin ya fuskanci fili, gama in ya manne da wani abu ba ya aiki. Audugar gilashi a bisa silin ta fi wannan ma, amma mai shimfiɗa ta ya rufe hanci da hannu.

6. A tuna da gwangwani biyun nan. Baƙin rufi da ruwan ƙasa mai duhu da ake yayi yanzu suna da kyaun gani, amma suna shan rana. A zaɓi fari ko mai haske. Farar ƙasa ta dace da bango da soro da rufin kankare. Kwano kuwa fentin rufi ya fi dacewa da shi.

7. Bakin rufi ya fito ƙafa biyu ko uku, ya yi wa bango inuwa, ya kuma tsare shi daga ruwa. Wanda zai yi ginin ƙasa ya kafa gindinsa da dutse ko siminti. Katangar ƙasa mai busasshen gindi da rufi mai faɗi takan ga jikoki.

8. A dasa darbejiya ko mangwaro a yamma da gida, kamar taku shida ko bakwai daga bango saboda saiwa.

Wannan magana ta shafi dattawan da suke shirya ginin majami'a ko ajin makaranta. Kowane malami ya san yadda yara sittin suke zama ƙarƙashin kwano tsirara da ƙarfe ɗaya na rana: rabi suna gyangyaɗi, rabi suna neman ruwa. In ruwan sama ya sauko kuma ba mai jin muryar wani. Silin yana maganin duka biyu.

Mai Haya Fa?

Wanda yake zaune a gidan wani ba zai rushe bango ba, amma ba a ɗaure hannunsa ba. Zai iya kafa rumfar zana a jikin bangon yamma, ko ya ja wa kabewa ko soso igiya su hau. Zai iya shimfiɗa kara ko zana a bisa kwano da bazara, ya danne su, amma ya kwashe kafin ruwan fari domin kada kwano ya yi tsatsa, kada kuma ya sa su kusa da madafa ko wayar lantarki. Uwargida za ta iya rataya jiƙaƙƙen zane a taga sa'ad da iska take a bushe, zai sanyaya ta kamar yadda tulu yake sanyaya ruwa. Da damina wannan ba ya aiki. A ɗaki mai kaurin bango da silin, a rufe tagogi da hantsi, a buɗe su duka da dare. A ɗakin kwano marar silin kuwa a bar su a buɗe, girki kuma a yi shi a waje.

Abubuwa Uku Masu Haɗari

Na fari, gawayi. Da hunturu waɗansu sukan toshe kowace kafa, su shigar da kaskon wuta, su kwanta. Gawayi yana fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, mutum yana barci ta ɗauke shi. Hayaƙin janareta ma haka yake, ya sha hallaka iyali ɗungum a dare ɗaya. A ɗumama ɗaki tun da sauran ido biyu, a fitar da kasko kafin a kwanta. Janareta kuwa a waje, nesa da taga. Kowane ɗaki, kome sanyi, yana bukatar kafar shan iska.

Na biyu, asbestos. Gidaje da makarantu da yawa suna da tsohon silin ko rufi na wannan abu. In yana nan lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. In aka fasa shi, ko aka huda, ko aka share ƙurarsa a bushe, zarensa yakan shiga huhu ya kawo ciwon daji bayan shekaru 20 ko fiye. Ingila ta hana shi gaba ɗaya a 1999. Kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa, kada kuma a sayi sabo.

Na uku, wuta. Farin soson nan marar nauyi da ake kunshe talabijin da shi, da sauran irinsa na roba, suna tare zafi ƙwarai, amma suna ci da wuta, hayaƙinsu kuma guba ne. Ran 14 ga Yuni 2017 wuta ta kama benen Grenfell mai hawa 24 a London, ta bi ta kayan da aka lulluɓe bangon waje da su, mutum 72 suka mutu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk abin da zai iya ci da wuta, ko soso, ko zana, ko buntun shinkafa, a nisanta shi daga waya da ƙwan lantarki, wayoyin kuma a sa su cikin bututu, wanda ya san aikin ya ɗaura su.

To, 'yan'uwa, ba a ce kowa ya koma ɗakin jinka ba, ba a kuma ce kwano laifi ne ba. Abin da ake so shi ne kafin a sayi bulo na fari, maigida da uwargida su zauna su tambayi kansu: ta ina rana take dukan filin nan da yamma? Daga ina iska take zuwa da bazara, daga ina da hunturu? Wa zai kwana a wane ɗaki? A tambayi tsohon magini na garin, a tambayi birkila, a haɗa abin da kowannensu ya sani. Wanda kuma ya riga ya gina, ya fara da ɗaki ɗaya, na jariri ko na tsohuwa, ya sa masa silin kafin Maris mai zuwa.